Kwalin da ke Ƙarƙashin Fijo

"Umma, yanzu wa zan nuna wa fitsarin motar?"

Tsakar gidan Baba Lado cike take da mata, kowacce ta yi jugum a kan tabarma, sai ga Bilqis ta shigo tana jan wani shimfiɗaɗɗen kwali da ya fi ta tsawo. Wata tsohuwa ta toshe baki da mayafi, ba a san kuka take ɓoyewa ko dariya ba. Zulaiha ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Ta fizgo hannun 'yar tata.

"Ke! Ba ki ga rasuwa aka yi ba? Fita da shi."

"Ai shi ya ce kullum in kawo."

Gaskiyarta ce. Baba Lado, wanda Allah ya karɓi ransa ɗazu bayan asuba, tsohon bakanike ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da nasu. Tun da gwiwoyi suka raba shi da garejinsa na bakin hanyar Daura, mota ɗaya ta rage masa a duniya, tsohuwar fijo doguwa da Nafi'u mijin Zulaiha yake haya da ita tsakanin Kazaure da Babura. Kullum yamma in an ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, sai ya sa a tura kwali a ƙarƙashinta. Da safe a jawo, ya duba abin da ta ɗigar.

"Tsohuwar mota ba ta ɓoye ciwonta," in ji shi, "a kwance take faɗa."

Bilqis ce ta ƙwace aikin tura kwalin da jawo shi. Da fari Zulaiha ta ƙi, don ba ta son 'yarta tana rarrafe kusa da taya. Sai da tsohon ya yarda ba za a taɓa kwali ba sai makullin motar yana rataye a ƙusar ɗakinta. Daga bayan ƙyaure takan jiyo darasin, har ta kama kanta tana ajiye tsintsiya don kar wani abu ya wuce ta.

"Baƙin ɗigo a gaba, baƙin mai ne, tsufa ne irin nawa, a ƙara mata a tafi. Ruwa mai tsatsa, lagireto ne, ƙishirwa za ta ji a hanya. Amma amarya, in kika ga jiƙe kusa da taya, fari-fari mai santsi, to ko Abbanki ya yi rantsuwa kar a bar shi ya tashe ta."

Da ciwo ya kwantar da shi, har bakin gado Bilqis take kai masa. Jiya ma ta kai. Ya daɗe yana kallon kwalin, ya shafa wani wuri da yatsa, ya ce da ƙyar, "A kira mini Nafi'u." Nafi'u kuwa ya yi sammakon lodi. Kafin ya dawo, bakin tsohon ya rufe. Kowa ya ɗauka wasiyya ce ya tafi da ita, har matarsa Hajja Kaka tana ta cewa ko me Malam ya so ya faɗa wa yaron nan.

Zulaiha ta ja yarinyar zuwa soro don ta ƙwace kwalin, sai idonta ya sauka a kansa. Ga baƙin ɗigon nan na kullum a gaba. A can ƙarshe kuwa, ɓangaren da yake kwana a gindin tayar baya, akwai wani jiƙe da ya kai faɗin faifai.

"Jiya haka yake?"

"Jiya ɗan ƙarami ne, kamar kwabo. Nan Baba ya taɓa."

Ta dangwala yatsa ta murza. Santsi. Ta shinshina, wani wari mai kaifi ya shige mata hanci, ba na baƙin mai ba, ba na fetur ba. A waje tana jin an buɗe bayan motar ana kwantar da kujera. Baba Lado ya roƙi a binne shi kusa da mahaifinsa a ƙauyensu da ke bayan garin Gwiwa, kuma fijon ce za ta kai shi, da maza cike da ita, da Nafi'u a kan sitiyari. Ta san hanyar. Akwai gangaren da yake sauka kan wata siririyar gada.

Mace ba ta leƙa taron jana'iza. Ta tsaya a bayan ƙyauren soro, ta tura Bilqis ta riƙo rigar ubanta.

"Lafiya?" in ji Nafi'u, idanunsa jajur.

"Abban Bilki, taɓa nan."

Ya taɓa, ya goge a wando. "Man birki ne. Na sani, jiya na ji ƙafata tana nutsewa. Zan kaɗa ruwan sabulu in cika mata kofin, ya kai mu ya dawo da mu. Kowa haka yake yi."

"Ruwan sabulu? A ranar da za ka ɗauki Baba Lado? Mutumin da ya bi ka da sanda a kan ruwan sabulu?"

"Zulaiha, gawa fa ake jira."

Malam Abu, ƙanen mamacin, ya matso yana gyara hula. "Nafi'u, me ake yi ne? Rana tana ɗagawa, ba a jinkirta mamaci."

Zulaiha ta durƙusa a bayan ƙyauren. "Baba, ku yi haƙuri da ni. Kiran da marigayi ya yi jiya, wannan ne. Nan ya taɓa da yatsansa. In an ɗora shi a motar nan haka, ina tsoron kada gawa ɗaya ta fita a dawo mana da labarin bakwai."

Malam Abu ya dubi kwalin, ya dubi wurin da yarinyar take nunawa.

"Yaya Lado ke nan," ya ce a hankali. "Har a makara sai ya duba mota. Ina Daudu?"

Daudu tsohon yaron garejin marigayin ne, yanzu shi ma da furfurarsa da nasa garejin. Ya cire farar rigarsa ya miƙa wa na kusa, ya kwanta a ƙasa ya leƙa bayan tayar.

"Robar birkin baya ce ta mutu. Ga shi ya jiƙa cikin tayar sharkaf. Taka biyu mai ƙarfi, na uku sai dai salati." Ya ɗago kai. "A tambayi Hajja gwangwanin madarar nan na cikin akwatin Oga."

Hajja Kaka da kanta ta miƙo shi ta hannun Zulaiha. Cike yake da ƙananan robobi baƙaƙe, kowacce a naɗe cikin leda. Aka ɗaga motar da jak, aka cire tayar, wani ya hau babur ya sayo man birki na gaske. Ta kafar ƙyaure Zulaiha take kallo, kunya ta bar ta, so take ta ga abin da ya kusa mai da ita gwauruwa. Da Daudu ya zaro tsohuwar robar, ba ta fi murfin kwalba ba, gefenta ya zaizaye.

Sai fitar da iska daga birkin. Nafi'u a kan kujera, Daudu a ƙasa da sifana.

"Yi famfo! Ƙara! Danne, kar ka saki! To, saki."

Dattawa suna jan carbi, muryar Daudu tana tashi a kan tasu. Wani tsoho ya ce rabon da ya ji wannan kira a ƙofar gidan nan tun Lado yana da ƙafa. Can Nafi'u ya ce, "Ya tsaya. Ya yi tauri kamar dutse." Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna girgiza.

Aka fito da Baba Lado a naɗe cikin tabarma. Zulaiha ta rufe wa Bilqis ido, yarinyar ta zame hannun ta kalla. A bakin lungu motar ta rage gudu don wata akuya, jar fitilar bayanta ta kama, ta tsaya cak, sannan ta wuce.

Da la'asar suka dawo lafiya. Nafi'u ya shigo ya rataye makullin a ƙusa da kansa, ya ajiye sabon kwali a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi Zulaiha ta tsaya a kan 'yarta har ta jawo kwalin daga ƙarƙashin motar. Baya a bushe. Gaba, baƙin ɗigo ɗaya. Bilqis ta ja shi zuwa ƙofar gidan maƙwabta kamar kullum, sai ta tsaya a bakin soro, ta rasa inda za ta nufa.

Daga ciki Hajja Kaka ta gyara zama a kan tabarmar takaba, ta share wuri a gabanta.

"Shigo da shi, kishiyata. Zo ki nuna mini inda ake dubawa."