Akori-kurar Basharu

Ana saura 'yan kwanaki ya kwanta ciwon ajali, Basharu ya dawo da akori-kurarsa daga Kalgo, an sauke mata inji an sa sabon ring da fiston. Matarsa Hussaina tana cikin gida ta ji ƙararta, sumul, ba gargada. Bai ƙara shiga motar ba.

Bayan sadakar uku ƙanensa Lukuman ya karɓi makulli. Ya ce dukiyar marayu ce, hannu ba zai taɓa ta ba sai an raba gado. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida, nan cikin Gwandu, har Hussaina ta fita takaba.

Ranar da babban ɗanta Zayyanu ya karɓo makulli ya tayar da motar don a gwada, sai ta kama rawar jiki kamar mai masassara. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ya ɗora mata albasa buhu kaɗan, ta kasa hawa ɗan tudu kafin Kambaza. Da wannan mota Hussaina take sa ran ɗanta zai ciyar da gidan.

Lukuman bai ko buɗe bonet ba ya ce inji ya tashi aiki, gara a sayar wa masu gwangwan, har ma yana da mai saye. Wannan mai saye da ya samu da wuri shi ya tsaya wa Hussaina a rai. A aljihun wa makulli ya yi ta kwana? Kuma Hamidu, bakaniken da ya yi aikin, ai abokin hirar Lukuman ne. Ta raya a ranta ko an kwance sababbin kayan an mayar da ruɓaɓɓu tana cikin ɗaki tana kuka.

Ba ta gaya wa kowa ba. Tun ba a mayar da makulli ba ta yafa mayafi ta sa ɗanta ya ja su Kalgo, suna tafiya motar tana mutuwa ana turawa.

Hamidu ya yi mata ta'aziyya, ya ba ta benci a inuwa. Ta ce a tsaye za ta fi gani. Ya ciro filogi ya duba, ya bi wayoyi, idonta na kan hannunsa. Da ya kwance kafireto ya shinshina sai ya miƙo mata. Wani jan abu ne ya daskare a ciki kamar ƙaro, yana warin tsami. Ya tambayi rabon da a tayar da motar. Zayyanu ya faɗa masa.

"To ai shi ke nan, Inna. Fetur ne ya ruɓe a cikinta, ya toshe hanya. Kuma sabon inji ba a ajiye shi. Mun yi da marigayi in ta ɗan yi tafiya zai dawo in ƙara ɗaure kan injin. Ina ta zuba ido, sai labari na ji."

Hussaina ta tuna Basharu yana kwance yana cewa akwai sauran komawa Kalgo, ita kuwa ta ɗauka zafin ciwo ne.

Duk da haka ba ta zauna ba. A gabanta aka zubar da tsohon man, aka wanke kafireto, aka ɗaure kusoshi. Da aka tayar, motar ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita. Ƙarar nan ce ta ranar da Basharu ya dawo. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

A ƙofar gida suka tarar da Lukuman. Ya saurari injin, ya ce Allah mun gode, bai ƙara maganar mai saye ba. Ta duba fuskarsa ta kasa gane ko murna yake yi. Ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Hussaina ta riga shi karɓa daga hannun Zayyanu, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Ranar rabo na kai wa malamin da zai raba da hannuna," ta ce. "Kafin nan yaron nan zai riƙa tayar da ita kullum da safe, ina tsaye."