Ranar Da Zarami Ya Taka Birki A Tsakiyar Tsere

Shekara talatin da huɗu Malam Zarami ya yi yana jan Fijo tsakanin Yola da Maiduguri, ko akuya bai taɓa takewa ba. Daga baya ido ya ci amanarsa. Na hagu ya dushe gaba ɗaya, na dama kuma abin da ke kusa kawai yake gani da kyau. Likita ya ce ya bar tuƙi. Matarsa Kaltume ta ɗauke makullin tun kafin ya gama gardama, aka miƙa motar ga ƙanensa.

Shekara uku ke nan yana zaune a ƙofar gidansa a Limawa. In mota ta wuce sai ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce wannan bai san lokacin sauya giya ba. Tuwo bai yanke masa ba, 'ya'ya suna kula da shi. Abu ɗaya ke cin ransa, ya sake riƙe sitiyari, kuma ba mutum ba ne mai faɗin irin wannan da bakinsa.

Manasseh ya gane ba tare da an gaya masa ba. Mutumin Numan ne, tsohon direban ma'aikata da ya yi ritaya, abokin Zarami tun suna haɗuwa a garejin kanikawa. Wata Talata da hantsi ya zo da Keke Napep ya ce, "Tashi, Babarbare. Ɗana Othniel ya buɗe shago a Nassarawo, akwai motar da ko makaho zai ja."

"Kai ne makahon. Wace irin mota ce a cikin shago?"

"Ta wasa ce, amma tana da kuloci. Ko tsoro kake ji in wuce ka?"

Wannan maganar ce ta sa Zarami ya ɗauki hularsa.

Shagon ɗaki ɗaya ne, babu kowa sai Othniel, magidanci mai gemu, wanda ya rusuna ya gaishe su. Kujeru biyu ne na mota a jere, kowace da sitiyari da giya, da totur da birki da kuloci a ƙasa, ga babban allo irin na talabijin a gabanta, kusa sosai yadda idon Zarami na dama ya iya kama komai.

"Baba, wasan tseren mota ne," in ji Othniel. "Motoci goma ne, biyu naku, sauran na'ura ke jan su. Wanda ya fara zagayawa sau uku shi ya ci. Masu yin sa sun auna komai, har nauyin taya a kan kwalta."

Zarami ya matsa kusa da kujera ɗaya. Ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, don shi bai taɓa taka totur da takalmi ba. Ya zauna, ya girgiza giya ya tabbatar tana firi, ya yi bisimilla. Ya danna tsakiyar sitiyarin. Shiru.

"Ina ham?"

"Babu, Baba. A tsere ba a yin ham."

"To in na zo kwana, da me zan gaya wa na gaba ina tafe?"

Manasseh ya ce, "Ka yi masa sallama da baki."

Aka tashi. Motocin na'ura suka yi gaba kamar an kore su. Zarami ya saki kuloci a hankali, ya sa giya ta biyu, ta uku. Kujerar ba ta motsa ba, kuma wannan ya dame shi, don direba da mazauninsa yake fara jin abin da mota ke ciki, kafin kunne, kafin ido. Babu warin mai, babu iska ta taga. Amma da ya shiga kwanar farko sai sitiyarin ya yi nauyi a hannunsa, ya ja shi kamar mai rai. Zarami ya gyara riƙo. Ya ƙara wuta.

Hannu bai manta ba. A zagaye na biyu ya wuce motoci shida, ba ya taka birki sai inda ya kamata, har Othniel ya daina duba waya ya matso. Sai dai duk inda ya hango 'yan kallo a bakin hanya sai ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Baba, zane ne, ba za su tsallaka ba."

"Haka kowa yake cewa."

A nan Manasseh ya samu dama ya wuce shi yana ihu. "Sai mun haɗu a Girei, Alhaji!" Bai rufe baki ba ya shiga wata kwana da gudu, motarsa ta daki shinge, ta yi sama, ta juya sau biyu, ta kwanta tayoyi a sama.

Zarami ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Ya sauka gefen hanya, ya mayar da giya firi, hannunsa na hagu ya tafi neman mariƙin ƙofa, ya kama iska. "Manasseh!" ya ce da muryar da ba ta wasa ba.

Manasseh yana nan kusa da shi, tazarar kamu biyu, lafiya lau, dariya har da hawaye. Kafin Zarami ya gama juyowa, na'ura ta ɗauki motar da ta kife ta dire ta a kan kwalta, babu ko ƙwarzane. Manasseh ya taka totur ya tafi abinsa. Sauran motocin ma duk suka wuce Zarami a tsaye, babu wadda ta rage gudu.

Zarami ya miƙe ya fara sa takalmi.

"Haba Baba, saura kaɗan ka ci," in ji Othniel.

"In ci me? Kai yaro, saurara. A tashar da na yi aiki, direban da ya ga mota a kife ya wuce, ko ta maƙiyinsa ce, ranar nan ba mai cin abinci da shi a kwano ɗaya. Waɗanda suka ƙera wannan abu sun auna taya, sun auna kwalta, amma ba su sa ƙofar da mutum zai fita ya duba ɗan'uwansa ba. Kai kuma," ya juya wajen Manasseh, "na tsaya dominka ka wuce ni. Shekara nawa muna tare?"

Dariyar Manasseh ta tsaya. Ya ga da gaske abokinsa ƙofa ya nufa, ya kuma san in ya fita yau ba zai sake dawowa ba, zai koma bakin gida yana sauraron giyar wasu har ƙarshen ransa.

Othniel ya yi sauri ya ce, "Baba, dakata. Akwai wata hanya a ciki, doguwa, ta bi ta duwatsu. Zan iya cire duk motocin, in cire agogo. Babu tsere, tafiya ce kawai."

Zarami ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Ni kaɗai? Mota ba kowa a ciki, ina za ni?"

Manasseh ya tashi. Ya jawo wata kujerar roba daga lungu, ya ajiye ta a damar kujerar Zarami, ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya, ya gyara zama.

"Direba, Song za ni," ya ce. "Kuma ina da hawan jini, ban da gudu."

Zarami ya dube shi. Sannan ya cire takalmin.

Hanyar ba ta yi kama da ta Song ba ko kaɗan. Itatuwan baƙi ne, babu shanu, babu masu tallar gyaɗa. Amma Manasseh ya cika gurbin da bakinsa. Ya ce a rage gudu ga rami, Zarami ya kauce wa ramin da babu shi. Ya tambayi labarin wani kanike da suka sani, suka yi gardama a kan shekarar da ya rasu. Ya yi ƙorafin zafi, Othniel ya juyo musu da fanka, iskar ta bugi Zarami a kunnen hagu daidai inda taga take.

"Othniel," in ji Zarami, idonsa a kan allo, "Talata da Alhamis da hantsi, kada ka ba kowa kujerar nan."

"An gama, Baba."

Zarami ya tsayar da allurar gudu a kan tamanin. Bayan kamar rabin sa'a surutun fasinjan ya fara raguwa, kansa ya langaɓe a kafaɗa, minshari ya biyo baya. Othniel ya buɗe baki zai yi magana, Zarami ya ɗaga masa yatsa. Wata doguwar kwana ta taho, ya sauko giya ta uku a hankali, ya shige ta sannu sannu don kada mutumin ya farka.