Marigayin da Ke Zaune a Baranda

Duk layin masu gyara babu mai kiranta da sunan da aka raɗa mata. Tartsatsi ake ce mata, kuma wanda ya laƙaba mata sunan bai zalunce ta ba, don magana ɗaya za ka faɗa mata ta mayar maka da uku. Babanta ne mai shagon naɗin waya na ƙarshen layi, inda ake kai fankar da ta ƙone da injin jan ruwan da ya ƙi tashi. Tun tana 'yar mitsitsiya take rarrafe a ƙarƙashin bencinsa tana tsintar guntayen wayar tagulla, tun lokacin kuma ta sanar da duk mai kunnen ji cewa injiniyar lantarki za ta zama. Makinta a makaranta bai taɓa ƙaryata ta ba, har ta shiga ajin ƙarshe na sakandare.

A shekarar ne Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin benci da rana tsaka, filaya na hannunsa. Ya fito daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, a kan keken guragu. Umma a masaƙa take aiki, fitar safe sai yamma, kuma ba a wasa da aikin da ya zama shi kaɗai ke riƙe da gida. Sai Tartsatsi ta hau bencin. Da safe ta wanke shi, ta ba shi magani, ta tura shi shago, ta ruga makaranta an riga an ci darasi biyu. Da azahar ta sulale ta dawo ta zauna naɗi. Shi kuma yana gefe yana ƙirga zagayen wayar, yana buga yatsan hagu a hannun keken, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Idan ta gama aka jona injin ya tashi lafiya, sai ya karɓi alli ya yi masa alamar daidai a jiki. Da yake hannun hagu ne, alamar kullum a karkace take fita, jelarta ta lanƙwaso baya kamar ƙugiya.

Shagon bai mutu ba, amma jarrabawar ƙarshe ta ji jiki. Lissafi da kimiyya sun tsaya da ƙafarsu, sauran darussan kuwa sai a rufa asiri. Ta ci jarrabawar shiga jami'a da kyau, sai dai da aka haɗa duka biyun, maki huɗu ne suka rage mata ta kai layin da ake yanke masu shiga sashen lantarki.

A fom ɗin jami'ar akwai shafin uzuri na musamman, wanda idan an karɓa ake ƙara wa ɗalibi maki goma. Akwati biyu ne kacal a shafin: rashin lafiyar ɗalibi shi kansa, ko rasuwar mahaifi ko mahaifiya. Duk wanda ya tsara shafin nan, wallahi bai taɓa jinyar kowa ba. A ganinsa uba ko dai lafiya lau yake, ko yana ƙarƙashin ƙasa.

Malamar da ke taya ɗalibai cike fom ta jujjuya shafin ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Kayya, 'yata. Da ma a ce rasuwa ce…" Sai ta kama bakinta.

Tartsatsi ta dawo gida tana huci, ta zazzage labarin kaf a tsakar ɗaki, har da kwaikwayon muryar malamar. A nan ta yi wauta, don Baba na zaune a gefe yana ji, kuma bai ce uffan ba. Ta bar akwatunan biyu fayau, ta samu farar takarda ta rubuta yadda shekarar ta kasance ba ƙari ba ragi, ta saka a ambulan tare da fom ɗin. Ta bar shi a buɗe a kan tebur don Umma ta sa hannu a gurbin iyaye ta kai gidan waya a hanyarta ta zuwa aiki.

Da takardar gayyatar ganawa ta iso, babu wanda bai ji ba a layin. Ta riƙa kaɗa ta a fuskar mai walda da ke maƙwabtaka da su tana cewa, "Ka gani? Gaskiya na rubuta musu, kuma sun karanta!"

Ranar ganawar Umma ba ta samu hutu ba. Baba ya kafe shi a bar shi a gida.

"In bar ka da wa? Wa zai juya ka, wa zai kai ka bayan gida?"

"Ki... bar ni."

"Ai kuwa sai ka ga jami'ar nan da idonka, Baba. Kai ka ja mini son waya."

A ƙofar jami'ar ma ya sake nuna wata inuwar bishiya, wai ta ajiye shi a nan. Ta yi kunnen uwar shegu da shi, ta tura shi har barandar ofishin, ta ja birkin keken dab da taga. Ta gyara masa kwalar riga ta ce, "Kada fa ka tafi yawo." Yau ko murmushin rabin bakin nan nasa bai yi ba.

Mutum biyu ta tarar a bayan dogon tebur: shugaban kwamitin, mai tabarau a kan karan hanci, da wata farfesa mai furfura wadda ba ta ɗago daga takardun gabanta ba. Shugaban ya nuna mata kujera, ya sassauta murya.

"Kafin komai, muna yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan mahaifinki."

Ta ɗauka fayil ɗin wani ya buɗe. "Ranka ya daɗe, ina ga an samu kuskure."

"Ba fom ɗinki ba ne wannan?" Ya juyo mata da shi.

Nata ne. Ga hotonta, ga rubutunta, ga sa hannun Umma a ƙasa. A akwati na biyu kuma ga alamar daidai da shuɗin biro, a karkace, jelarta ta lanƙwaso baya. Ta ga alamar nan a jikin injuna sun fi ɗari, ko a mafarki ba za ta ɓace mata ba. Nan take ta gane shirun da Baba ya yi ranar da ta dawo tana faɗa, da nacin a bar shi a gida, da inuwar bishiya. Ba wasiƙarta ce ta kawo ta ɗakin nan ba.

Kada wanda ya ce ba ta ji kwaɗayi ba. Ta ji, har cikin ƙashinta. Amin kawai za ta ce, ta sunkuyar da kai, maki goma su hau kan nata, ta fita ɗalibar lantarki. Baba da kansa ya miƙo mata, ba sata ta yi ba. Kalmar ta zo har kan harshenta. Sai ta jiyo ta taga, a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Yana can shi kaɗai yana buga hannun keken, yadda yake yi idan tana tsakiyar naɗi yana tsoron kada ta ɓata ƙirga.

Wani baƙin ciki ya taso mata, fushi ya biyo bayansa. Ta miƙe har kujerar ta yi baya.

"Ina zuwa."

Da ta fito baranda Baba ya ga fuskarta, ya san ta gani. Ya sa hannun hagu ya damƙe ƙarfen baranda, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta saki birki, ta tura ƙofar da ƙafa, ta shigo da shi har gaban tebur.

"Ga marigayin," in ji ta. "Ku yi masa ta'aziyyar da bakinku, yana ji."

Sai a lokacin farfesar ta ɗago. Shugaban ya cire tabarau ya mayar.

"Wannan wane irin wasa ne? Kin san hukuncin bayar da bayanin ƙarya a fom?"

Baba ya ɗaga hannu. Maganar ta fito da ƙyar, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita. "Ni... ne. Ba ta... sani ba. Uwarta ma... ni na... tilasta." Ya juyo gare ta, ido ya kaɗa ya yi ja. "Na ci... miki... shekara. Wannan... kaɗai... zan iya... ba ki."

"Ba na so!" Muryarta ta cika ɗakin. "Shekara guda ina ɗaga ka ina kwantar da kai don kada ka mutu, sai ka bari na juya baya ka kashe kanka da biro? Wa ya ce maka sayar da kai zan yi in sayi kujera? In na shiga a haka, ranar da na gama wa zan ce ya zo? In ɓoye ka a bayan bishiya?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi, ta sa gefen gyalenta ta share masa ba tare da ta daina hararsa ba.

Shugaban ya gyara murya, ya yi magana a hankali yanzu. "Yarinya, ki fahimce ni. Idan na soke wannan alamar, makin nan goma sun tafi. Kin koma ƙasan layi, kuma ba ni da ikon ɗago ki."

"Soke ta, ranka ya daɗe."

"Ki yi tunani."

"Na yi. Ka soke. In kuma akwai sauran tawada, ku ƙara akwati na uku. Akwai mu da yawa da iyayenmu ba su mutu ba, ba su kuma tashi ba."

Shugaban ya ja layi biyu a kan alamar. Farfesar ta zaro wata takarda daga ƙasan fayil ɗin, Tartsatsi ta gane wasiƙarta ce, an ja layi da fensir a ƙarƙashin wasu jimloli.

"Na karanta wannan sau biyu, har na yi ta mamakin yadda ba ta ambaci rasuwa ba," in ji farfesar. "Miƙo hannunki." Ta juya tafin, ta duba kantar da waya ta yi a yatsu da tabon ƙunar dalma. "Injin jan ruwa nawa kika naɗa?"

"Ban ƙirga ba. Shi ke ƙirgawa."

"Ba zan yi miki alƙawarin da ba nawa ba. Hukunci dai babu, tunda ke kika tona da kanki. Wasiƙar nan kuma zan kai ta inda ake tsara fom, su ji kunya ko kada su ji. Ki sake jarrabawar, ki dawo."

"Dama zan dawo. Da shi."

Bayan sati uku amsa ta zo: ba a ɗauke ta ba. Ta shiga bayan shago ta yi kukanta mai isarta, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma yi wa kowa ƙaryar cewa bai yi ba. Da ta fito ta ɗauki ƙusa da guduma ta kafe takardar a bango saitin benci, inda duk mai kawo gyara zai gani. Mai walda ya leƙo zai yi mata jaje, ta ce ya adana kayansa. Umma ta kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ita, sai da Tartsatsi ta gaji ta ce, "Umma, ya wuce, amma kada a kuma." Littattafan da suka kayar da ita ta jera su a gefen injin naɗi, tana zagaya waya tana haddace tarihi.

Da sabon fom ya fito, shafin uzurin na nan yadda yake, akwati biyu. Ta cike komai da hannunta, ta kulle shi a aljihun benci, ta rataya makullin a wuya.

Baba ya bi makullin da kallo. "Ba ki... yarda... da ni ba?"

"Ko kaɗan."

Ranar da za a aika, ita ta buɗe, ta shimfiɗa fom ɗin a kan katako a cinyarsa. Ta dafe shafin uzurin da tafin hannunta, ta nuna masa gurbin iyaye da ɗan yatsa.

"Bana ba Umma ce za ta sa hannu ba. Nan kawai. Kuma ba alama nake so ba, sunanka cikakke."

Rabonsa da rubuta sunansa tun ranar da ya faɗi. Biron ya riƙa zamewa, harafin farko ya haura layi, gumi ya keto masa a goshi. Wani mai fanka ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙorafin sauri yake yi.

"Sai ka jira," in ji Tartsatsi, ba ta ko waiwaya ba. "Babana na sa hannu."