In'inar Malam Yaƙubu

Malam Yaƙubu na Tabotaki mutum ne mai in'ina, kuma kowa a garin ya san shi da ita tun yana yaro. Sai dai ya girma ya koyi zama da abarsa. Ba shi da yawan magana. In zai yi, yakan sunkuyar da kai ya juya kalmar a baki tukuna, sannan ya fito da ita a hankali. Da yake maganarsa kaɗan ce, sai ta yi nauyi. In 'yan'uwa suka yi rigima kan gona, ko shanun makiyaya suka faɗa dawar wani, shi maigari ke aikawa a kira. Tun da gemunsa ya fara fari ba wanda ya ƙara yi masa dariya, a gaban idonsa dai.

Ɗansa na fari, Mahdi, ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan kamar sauran samarin Adar, ya daɗe can. Abokan tafiyarsa suka dawo da babura da kayan aure, shi kuwa ya dawo da kamera da na'urar haɗa hoto. Ya ce wasan kwaikwayo zai shirya, irin dogon nan da ake nunawa kashi-kashi a tele. Ya tattaro samari da 'yan mata daga Buza da Madawa, ya sami wani ƙaramin gidan tele a Tawa da ya yarda ya riƙa nunawa. Ya sa wa wasan suna Iyakar Gona. Da yake ba su da wurin ɗauka, a tsakar gidan Malam Yaƙubu da gonarsa aka yi komai.

Gidan telen nan yana da wani fili na mako-mako, inda wata mai gabatarwa, Hamdiya, ke saka muryoyin da masu kallo suka aiko ta waya kan shirye-shiryen gidan. A nan aka fara yanka Mahdi. Wani daga Sabon Gida ya ce iska ta fi 'yan wasan magana, shi ban da huu ba abin da yake ji. Wata daga Keita ta ce ta ga jaki ya ratsa ta bayan amarya ya wuce, kuma a duk kashin shi kaɗai ya yi wasa yadda ya kamata. Wani direba ya ce mugun cikin wasan yakan shiga ɗaki da jar hula ya fito da baƙa, ko ɗinki yake yi a ciki? Wasu suka ce a mayar musu da na Kano da na Indiya, a bar yaran ƙauye su koma noman albasa. Hamdiya tana sakawa tana danne dariya. Shugaban gidan telen ya kira Mahdi ya ce in ba a ga sauyi ba, za a ba wani lokacin.

Malam Yaƙubu bai da tele, bai kuma zuwa butik, shagon nan na bakin kasuwa inda matasa ke taruwa kallo. Abin da ya gani kawai shi ne yaron ya rame, ya daina cin tuwo da yawa. Bai tambaye shi ba, don tsakaninsa da ɗan fari akwai kunya, ko sunansa bai faɗi.

Wata rana motar da za ta kawo wanda ke fitowa a matsayin kawu ta lalace a hanyar Madawa. Rana tana yi, 'yan wasa sun yi kwalliya suna jira. Mahdi ya shiga ɗakin uwarsa, Cima, ya roƙe ta ta yi wa Baba magana: jimla ɗaya ce tak zai faɗa. Cima ta je ta faɗa masa. Malam Yaƙubu ya ce ta ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a.

Abin da aka ce ya faɗa shi ne, "Ba ni yarda a taɓa gonar ga." Magana ce da ya sha faɗin irinta a gaban maigari. Amma da aka kafa masa kamera a fuska, ga samari sun zagaye shi, ga wani ya miƙo sanda mai makirfo bisa kansa, sai harshen ya ƙulle. Ya ce ba, ya sake cewa ba, ya kasa wucewa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idonsa ya rufe, hannunsa ya shiga bugun cinya kamar yadda yake yi yana yaro. Da ƙyar jimlar ta fito. Ya share zufa ya ce a sake. Aka sake, ya nutsu, ta fito sumul. Mahdi ya ce madalla, wannan ta biyun za a sa.

Ta farkon ya sa. Ya matso da hoton har fuskar ta cika allon, ya ƙara ɗan kiɗan kalangu a kan kowane bugun cinya.

A makon nan filin Hamdiya ya canza. Masu kallo suka ce yanzu wasa ya fara. Suka tambayi inda aka samo tsohon. Mahdi ya dawo gida da tsire a takarda, ya durƙusa gaban ubansa ya ce mutane sun yaba ƙwarai, suna son a ƙara ganinsa. Malam Yaƙubu ya kau da kai ya ce to. A ransa kuwa daɗi ya ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Tun yaron yana ƙarami bai taɓa neman wani abu a hannunsa ba sai wannan.

Daga nan kawu ya zama babban mutum a cikin labarin. Malam Yaƙubu ya lura aikin yana ƙara wuya. Ba a ba shi maganar tun da wuri ya juya ta a baki, sai an kunna kamera ake faɗa masa. Kuma kullum kalmomin masu tsayar da shi ne, baba da babba da biri da bara. Mahdi yakan tsaya bayan kamera yana kaɗa hannu, a yi sauri, batir zai ƙare. Kowane lokaci dai akan sake ɗauka har ta fito daidai, don haka tsohon bai kawo komai a ransa ba. A hanya yara suka fara gaishe shi da Baba Ba-ba, ya ɗauka Baba suke cewa sau biyu. Cima ta riga ta gani a wayar wata maƙwabciya. Ta yi wa ɗanta magana a ɓoye, ya ce ta yi haƙuri, saura kaɗan a gama. Ta rasa yadda za ta gaya wa mijinta, ta bar shi a cikinta.

Ranar kasuwar Buza Malam Yaƙubu ya je sayen igiya da gishirin dabbobi. Da rana ta take ya shiga rumfar wani mai shayi ya zauna can baya, rawaninsa ya rufe rabin fuska. Akwai tele a rataye, mutane sun cika benci. Sai ga tsakar gidansa, ga rumbunsa, ga farar rigarsa. Ya ga wata fuska ta cika allon, baki a karkace, ido a rufe, ana kiɗa. Ya ɗan jima kafin ya yarda tasa ce. Rumfar ta kwashe da dariya, wani har shayi ya sarƙe shi.

Sannan Hamdiya ta fara saka muryoyi. Wata mata ta ce ita da ɗiyanta suna maimaita wurin har cikinsu ya yi ciwo. Wani malamin lakkol, wato makarantar boko, ya yi dogon bayani, ya ce har yanzu hoton ba kyau, labarin ba kai ba gindi, tsohon ne kaɗai ke riƙe da wasan, don haka a ƙara masa magana. Sai wata murya ta shigo tana dariya tun kafin ta fara.

"Ku daina cewa ya iya wasa. Wallahi ba wasa ba ne, haka Allah ya yi shi. Ni maƙwabcinai ne, tun muna yara in yat tashi kiran akuya sai ta kai daji bai gama ba."

Ya gane muryar, maƙwabcinsa Nuhu ne. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kafaɗa da kafaɗa. Malam Yaƙubu ya ajiye kofin bai sha ba, ya fita ta bayan rumfar. Igiyar ma a nan ya manta ta.

Ya tarar da Mahdi a zaure gaban na'urarsa. Ya tsaya a kansa, ya juya maganar a baki har ta yi laushi.

"Waɗanda munka sake, ina su?"

Mahdi bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, waɗancan ba su da armashi. Kai ba ka ji zagin da anka yi muna da hwarko ba. Ba don kai ba da tuni an ruhe mu. Son ka su kai, wallahi son ka su kai."

Tsohon ya so ya ce wani abu mai tsawo, amma ya ji harshen yana shirin ƙullewa, ga na'ura a kunne gaban yaron. Ya ce, "Na bari." Ya shige gida.

Barin bai hana komai ba. Mahdi yana da tarin abin da ya ɗauka, duk wuraren da aka ce an zubar. Ya riƙa yankowa yana liƙawa, kawu ya ci gaba da fitowa kowane mako, wani lokaci da maganar da ba ta haɗu da labarin ba. Ba wanda ya damu, ai ba labarin ake kallo ba.

Ana cikin haka auren Hafsa ya zo. Ɗiyar ƙanen Malam Yaƙubu ce da ya rasu, a hannunsa ta tashi, ta kuma sami wanda take so, wani mai aikin gandun daji a Keita. Tsohon ne waliyyi, ba yadda zai yi. Ya kwana biyu yana maimaita kalmomin shi kaɗai a gona. Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan ta cika fiye da yadda aka gayyata, har da samarin da ba wanda ya san daga inda suka zo. Wakilin ango ya nemi aure, liman ya juyo wajen Malam Yaƙubu. Tun kafin ya buɗe baki ya ga wayoyi sun tashi sama, a jere, suna jira.

Abin da zai ce kawai shi ne na ba ku. Ya ce na, ya tsaya. Leɓɓansa suka haɗe suka ƙi rabuwa. Ya danne hannunsa da ɗayan don kada ya bugi cinya. Can baya wani ya ƙarasa masa da ƙarfi, "Ba-ba-ba ni yarda!"

Wurin ya fashe. Har dattawan da ke kan tabarmar gaba wasu suka rufe baki da hannun riga, kafaɗunsu na rawa. Liman ya tsawata, aka yi shiru, aka sake juyowa gare shi, wayoyin ba su sauka ba. Ya gyaɗa kai alamar ya bayar. Liman ya ce a yi haƙuri, sai an ji da baki. Daga ƙarshe wani ƙanen kakan yarinyar, tsoho tukuf da ba ya ji sosai, shi aka matso da shi ya faɗa. Kafin la'asar hoton ya kai Madawa. A cikin gida Hafsa ta yi kuka har kwalliyar fuskarta ta ɓaci, mata suka ce na rabuwa da gida ne.

Bayan 'yan makonni masu kallo suka gaji. Muryoyin filin Hamdiya suka juya: kullum abu ɗaya, tsohon ya gundure su, ba a ma jin abin da yake cewa, in ba su da sabon abu su kashe shi a huta. Mahdi ya bi ra'ayinsu, ya kashe kawu a cikin wasan. Ya naɗe matashin kai da farin ƙyalle, ya sa samari suka ɗauka a makara suka bi ta bayan gari, 'yan mata na kururuwa. Washegari a bakin rijiya mata suka riƙa tare Cima suna yi mata gaisuwar rashi, suna ƙyaƙyatawa. Masu kallo suka ce ko jana'izar ba a iya ba, gawar ta yi gajarta. Gidan telen ya cire wasan ya sa wani na ƙasar waje. Da aka gama girbi Mahdi ya sayar da kamerar ya koma Abijan. Ta bakin uwarsa ya yi sallama.

Malam Yaƙubu ya koma sallah a ƙarshen sahu, yana fita kafin a shafa addu'a. A gida yawanci da hannu yake nuna abin da yake so.

Da shekara ta zagayo Hafsa ta haifi namiji. Cima ce ta je suna Keita, shi ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta dawo da goro da dabino a ƙulle, ta same shi gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ta ba shi labarin taron, da girman jaririn, da ragon da aka yanka. Ya ɗaga ido yana jiran sauran. Cima ta yi ta warware ƙullin tana sake ƙullewa, sannan ta ce Hafsa ta so ƙwarai a sa sunansa, har ta roƙi mijin. Dangin mijin ne suka ce a'a, wai kada yaro ya shiga lakkol a riƙa kiransa da wancan sunan. An sa masa Idris.

Malam Yaƙubu ya dubi ƙotar da ke hannunsa, ya juya ta, ya gyaɗa kai. Cima ta miƙa masa goro, ya karɓa ya sa a aljihu, ya ci gaba da fiƙe itacen.