Baitin Hajiya Adiza

Kaka Atampoka ta rasu tana da shekara casa'in da tara, ko ɗari da huɗu in an bi ta bakin 'yan cocinsu, waɗanda ba sa son a rage musu tsohuwa. Tun tana budurwa ta sauko unguwar Nima daga garin Bolga, ta yi tallan koko, ta yi ɗinki, ta haifi 'ya ɗaya tal. 'Yar ta auri Musulmi, gida ya cika da masu salla har tattaɓa kunne, ita kuwa ba ta taɓa fashin Lahadi ba. Sai kuma waƙa. Kaka ba ta iya ganin gwangwanin madara ta bar shi ya huta, sai ta zuba masa tsakuwa ta liƙe baki, ta kama kaɗawa tana ƙirƙiro baiti.

Jikarta Hajiya Adiza, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titin Nima, ita ta kashe wannan kiɗa. Shekara shida ke nan, ranar da ta dawo daga Makka, mata sun cika tsakar gida suna yi mata barka, sai ga Kaka da gwangwani tana yabon Yesu da ya dawo mata da jika lafiya. Kunya ta rufe Adiza, ta fizge gwangwanin a gaban jama'a. Daga ranar ba a sake jin waƙa a gidan ba, tsakaninsu kuma sai gaisuwa. Har tsohuwa ta cika Adiza ba ta nemi gafara ba, abin kuwa yana cin ta.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, dangi suka tafi cocin Kaka a Maamobi don yin godiya. Aka jera su a layin gaba, huluna da mayafai, kowa ya ƙame kamar mai jiran hoton fasfo. Shugabar mawaƙa, Anti Felishiya, ta miƙe tana washe baki.

"Ei, yau Allah ya nuna mana su! Shekara talatin muna musu addu'a cikin waƙar Maame Atampoka, ba mu san fuskarsu ba."

Ganga ta tashi. Mata ashirin suka buɗe murya: "Ubangiji ka ji ƙan Mutala, mai tsame nama a tukunya ya ce mage ce!"

Mutala fa yayan Adiza ne, dattijo mai furfura, shi ke jan salla in liman ya yi tafiya. Coci ya ɗauka: "Ina Mutala? Ina Mutala?" Ba yadda ya iya, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, aka rufe shi da tafi. Wata tsohuwa ma sai da ta taso ta tambaye shi ko ya daina.

Sai aka zo kan ƙanwarsu Sala, wadda ba a gayyatarta biki amma ba a yi babu ita, da leda a jaka. Sai Zakiya 'yar Adiza, mai idar da salla kafin wayarta ta gama ƙara. Ko jaririn Zakiya bai tsira ba, an roƙa masa sauƙin kuka saboda maƙwabta. Adiza dai gumi take yi cikin mayafi. In naman tukunya ya sami baiti guda, ita da ta wulaƙanta tsohuwa a bainar jama'a nawa za ta samu?

Ganga ta tsaya. Ba a ambace ta ba.

Da farko ta yi hamdala. Kafin a gama addu'ar rufewa hamdalar ta koma ɗaci, don ta gane cewa duk wanda Kaka ta tona wa asiri, kawo shi ta yi gaban Ubangijinta. Ita kaɗai aka bari a baya. Ta ji baƙin ciki irin wanda ko a maƙabarta ba ta ji ba.

A bakin ƙofa ta tare Anti Felishiya.

"Anti, ni ce Adiza. Ni ba ta sa ni ba ke nan?"

"Ei, ke ce Adiza! Naki ba mu taɓawa. Maame da bakinta take yin shi, in an tashi, tana ɗaura ɗankwali."

"Zagina take yi?"

"Kaɗan dai."

Anti ta gyara murya, ta rera ƙasa-ƙasa: "Adiza mai zafin kai, kowace Lahadi tana bina a ɓoye, ta laɓe bayan mai kwakwa har in haye titi. Tana zaton ban gani ba. Hajiya ce mai faɗi, baron kwakwa ba ya rufe ta. Ubangiji, kar ka gaya mata, kunya za ta ji ta daina."

Dariya ta ƙwace wa Adiza, hawaye ya biyo baya, ta rasa wanda za ta fara sharewa. Can bakin titi Mutala yana ta ɗaga hannu, wai mota ta cika ana jiranta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta riƙe hannun matar gam.

"Anti, maimaita min. A hankali, ni ban iya waƙa ba."