Zanin Inna da Kwamitin Ofishin Ruwa

Inna ta wanke zaninta, ta shanya a igiyar bayan gida. Gidan na gwamnati ne, an ba ɗanta, akawu a ofishin ruwa. Zanin kuwa jam'iyyar adawa ce ta raba, ga fuskar ɗan takara baje a jiki yana washe baki.

Maƙwabci ya ɗauki hoto ya kai ofis. Shi ma akawu ne, kuma ya daɗe da sa wa gidan ido, don ya fi nasa ɗakuna.

Aka kafa kwamiti. Famfon unguwa tun bara ya ƙafe, ba wanda ya zauna a kansa, amma zanin tsohuwa ya tara manya, har da shayi. Suka duƙufa a kan hoton, suka gano cewa zani in iska ta kaɗa shi ya zama tuta. Doka kuma ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa. Shugaban kwamiti ne ya karanta dokar, yana sanye da agogon da jam'iyya mai mulki ta raba. Agogo dai lokaci yake nunawa.

Aka ce Akawu ya kawo zanin, ko ya bar aiki ya bar gida.

Ya tarar da Inna a kan tabarma, ta ɗaura abinta.

"Inna, ki taimaka mini da zanin nan."

"Matarka ta rasa na ɗaurawa ne?"

"Ofis ke nema."

"To! Gwamnati ta fara ɗaura zani?"

"Sun ce kina goyon bayan mutumin."

"Ni? Ko sunansa ban sani ba. Kullum a kan fuskarsa nake zama. In wannan ne goyon baya, Allah ya ba shugabanku irinsa."

Matar Akawu ta leƙo daga kicin. "Inna, zan ba ki nawa sabo."

"Naki mai zuba? Wannan ya sha wanki, ko hancin bai koɗe ba."

Akawu ya durƙusa. "Aikina zai tafi, Inna. Da gidan. Jikokinki fa?"

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta miƙe, ta ƙara tamke bakin zanin.

"Da girmana, ƙattai su zauna suna jujjuya zanina a kan teburi? Ba zan bayar ba."