Rassan da Dogo Ya Sare

Tun da Dogo ya fara zuwa ofis da fara'a na san akwai wata a ƙasa. Mutumin da ko gaisuwa sai an roƙe shi, yau shi ke raba wa mutane alewa.

Aikinmu manhajar da ke mayar da magana rubutu a waya. Idan ta ji murya, takan bi dubban rassan kalmomi, tana zubar da marasa kama da gaskiya har ta tsaya a kan guda. Wannan laluben ne ke cin lokaci. Mun yi watanni muna fama, sai ga Dogo wai ya ninka saurin, kuskure kuma bai ƙaru ba. Oga har da tafi. Ni dai ban tafa ba.

Ina da dalili. Mahaifina ya yi shanyewar ɓarin jiki, hannunsa ba ya riƙe waya sosai, harshensa ya yi nauyi. Da manhajar yake aiko mana saƙo, kuma ni na naɗi muryarsa da ta wasu tsofaffi na saka cikin muryoyin gwaji.

Na ja kujera kusa da teburin Dogo.

"Me ka taɓa ne?"

"Rassa na rage. Tana sare su da wuri."

"Mai jan magana fa? Reshensa na gaskiya ai sai can gaba yake bayyana."

"'Yar'uwa, kin fiye zargi. Gwaji ya nuna lafiya lau."

"To kunna min muryoyin gwajin."

Ya ɗan sosa ƙeya, sannan ya kunna. Duk muryoyin 'yan ofis ne, tas-tas kamar masu karanta labarai. Babu tsoho ko ɗaya.

"Oga ya ce a ware su tukuna, suna jawo mana sakamako ƙasa," in ji shi, idonsa a kan allo. "Sabuwar manhajar ma ta riga ta shiga wayoyi da safe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita baranda na kira Baba. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma sai da na jira kowace kalma.

"Uwata, kada ki faɗa wa ƙannenki," ya ce. "Ina jin bakin nawa ya ƙara lalacewa. Yau ko wayar ba ta gane ni."